Jerry Dammers da ƙungiyar da ta dawo ba tare da mai ita ba

A shekarar 2009 ƙungiyar makaɗa ta The Specials ta zagaya biranen Birtaniya tana wasa domin bikin cika shekara 30 da fitowar faifanta na farko. Tikiti ya ƙare cikin ɗan lokaci, magidanta masu furfura suka zaro tsofaffin kwat da huluna daga akwati, jaridu suka yi ta yabo. Mutum shida daga cikin bakwai na asali ne suka hau dandamali. Na bakwan da babu shi, shi ne Jerry Dammers, mutumin da ya tara ƙungiyar tun farko, ya kafa kamfanin da ya buga faifanta, ya rubuta mafi yawan waƙoƙin da aka taru ana rerawa. Wani aka ɗauko daga waje ya zauna a kan fiyano.

Tun daga lokacin hukuncin da ya fi yawo a bakin masoya ƙungiyar guda ne: wai Dammers haziƙi ne amma mai taurin kai, ya wargaza ƙungiyar a 1981 da mulkin kama-karya, sannan da aka zo gyara ya kwanta a hanya ya hana ruwa gudu. Wannan hukunci zalunci ne, kuma zalunci irin wanda ake yawan yi wa duk wanda aikinsa ke bayan fage. Halin da ake zarginsa da shi, shi ne ya haifi duk abin da masu zargin suka biya kuɗi suka je saurare.

Sai an san daga inda kiɗan ya fito kafin a gane girman aikin. Ska kiɗan Jamaika ne, ya kankama a Kingston wajen ƙarshen shekarun 1950, ya zama kiɗan murnar samun mulkin kai a 1962. An haɗa shi ne daga kiɗan gargajiya na tsibirin da kuma kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kamowa a rediyo, kuma alamarsa ita ce jita da fiyano suna sara a tsakanin bugun ganga, a gurbin da kunne bai sa rai ba, abin da ke sa jiki ya riƙa tsalle. Mutanen Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Ingila bayan yaƙin duniya na biyu sun tafi da faya-fayansu, ’ya’yan leburori farar fata da ke maƙwabtaka da su suka kamu da sonsa. Zuwa 1977 kiɗan ya tsufa, a Jamaika ma reggae ya daɗe da maye gurbinsa.

Dammers kuwa ba ɗan lebura ba ne. An haife shi ranar 22 ga Mayu 1955 a garin Ootacamund na kudancin Indiya, ɗa ga wani limamin cocin Ingila wanda daga baya ya shugabanci babbar majami’ar Bristol. Ya yi makaranta a Coventry, ya karanci zane a kwalejin fasaha ta Lanchester, inda ya haɗu da Horace Panter wanda ya zama mai kaɗa babbar jita a ƙungiyar. Coventry birnin ƙera motoci ne, wanda jiragen Jamus suka ragargaza a watan Nuwamba na 1940, aka sake gina shi da kankare, aikin masana’anta ya jawo masa mutane daga Ireland da Indiya da tsibiran Karebiyan. A ƙarshen shekarun 1970 masana’antun sun fara durƙushewa, jam’iyyar National Front mai ƙyamar baƙi kuma tana farautar matasa marasa aiki a ƙofar filayen ƙwallo da gidajen rawa.

Amsar da Dammers ya bayar ita ce ƙungiyar kanta. Ya zaɓo mutanensa ɗaya bayan ɗaya: Lynval Golding da Neville Staple, haifaffun Jamaika, Terry Hall, matashi mai murtuke fuska da murya kamar ta wanda ya gaji da duniya, Roddy Radiation da jitarsa mai kaifi, John Bradbury a kan ganguna. Ya ɗauko tsohon kiɗan ska ya zuba masa zafin kiɗan punk na samarin lokacin, domin ya lura cewa shi ne kiɗa guda da yaro baƙi da yaro fari a unguwa ɗaya kowannensu ke ganin nasa ne. Kwat da hula da zanen dara baƙi da fari duk tsararru ne. Har ɗan mutumin da ke jikin tambarin, wanda suka laƙaba wa suna Walt Jabsco, an zano shi ne daga wani tsohon hoton Peter Tosh. Kafin a buɗe baki a yi waƙa, ganin mutanen nan bakwai a dandamali ɗaya ya riga ya faɗi abin da ake so a faɗa. Irin wannan tsari ba ya faɗowa daga sama, sai da wanda ya zauna ya ƙulla shi, ya kuma ƙi yarda a kwance.

A 1979 ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone, wato launi biyu. Faifan farko, “Gangsters”, da kuɗin aro aka naɗe shi, aka sa waƙar The Selecter a bayansa, ya kai mataki na 6 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Manyan kamfanoni suka yi caa, amma Dammers ya ƙi sayar da ƙungiyar ita kaɗai. Yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin Chrysalis ta bar wa 2 Tone ikon zaɓen wasu ƙungiyoyi ta buga musu faifai da kuɗin babban kamfanin. Ta wannan ƙofa Madness da The Beat suka shigo duniya, kuma kowaccensu faifai ɗaya ta yi ta kama gabanta, domin ba a ɗaure kowa da doguwar takarda ba. Madness ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi samun kuɗi a shekarun 1980. Ɗan kama-karyar da ake magana, da ya so, da ya riƙe ta ya ci moriyarta shekara goma.

Akwai wani zargi da ya fi na taurin kai nauyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa: ɗan limamin coci farar fata ya ɗauki kiɗan talakawan Kingston ya yi suna da shi. Gaskiya ne “Gangsters” a kan “Al Capone” ta Prince Buster aka gina ta, “Too Much Too Young”, wadda ta hau mataki na ɗaya a farkon 1980, ita ma daga wata waƙar Lloyd Charmers aka samo gindinta. Aron yana nan, ba mai musu. Abin tambaya shi ne yadda mai aron ya yi da masu kayan. Tarihin kiɗan Turawa cike yake da waɗanda suka kwashe suka share sawu. Dammers ya nemo Rico Rodriguez, tsohon mai busa ƙahon tagulla wanda ya koyi sana’arsa a makarantar Alpha ta Kingston, ya tsayar da shi a dandamali, 2 Tone ta buga masa faya-fayai da sunansa. Shi Ricon ne ya yi busa a “A Message to You Rudy” ta asali a 1967, shi ne kuma ya sake yi wa The Specials bayan shekara 12. Sunayen Prince Buster da Laurel Aitken da Desmond Dekker sun koma bakin matasan da ba a haifa ba lokacin da suka fara waƙa. Wannan bai biya dukan bashin ba, amma ya fi abin da mafi yawan masu aro suka taɓa yi.

Inda rigimar cikin gida ta fara shi ne faifai na biyu, More Specials, a 1980. Ƙungiya tana kan ganiyarta, kasuwa na neman ƙari irin na jiya, sai Dammers ya juya akala zuwa ga kiɗan da ake sakawa a otal-otal da filayen jirgin sama, irin mai sanyin nan da ba a yi shi don a saurara ba. Ya ji wani tsoro da kaɗaici a ƙarƙashin wannan sanyi, ya ce a nan zai haƙa. Wasu abokan aikinsa suka ga hauka ne. A lokaci guda wasanninsu sun zama fagen dambe tsakanin masoya da ’yan National Front da ke zuwa musamman don tayar da fitina. A Cambridge, a ƙarshen 1980, Dammers da Hall sun yi ƙoƙarin tsawatar wa masu faɗa daga kan dandamali, sai aka kama su biyun, kotu ta ci su tara. Mutum bakwai sun shafe shekara biyu a mota ɗaya, ga gajiya, ga giya, ga kuɗin da ba a saba da shi ba. Ko waliyyi ne shugaba, da wuya tukunyar ta ƙi fashewa.

Cikin wannan hali aka yi “Ghost Town”. Ma’anar sunan a Hausa ita ce kufai, garin da mutanensa suka watse. Dammers ya sha faɗin cewa ya ga abin ne ta tagar mota yayin zagayen wasanni: shaguna a garƙame a Liverpool, tsofaffin mata a Glasgow sun baza kofuna da kayan ɗakinsu a bakin titi suna sayarwa. Ya shafe watanni yana ɗinka waƙar, ya zo ɗakin naɗa da kowane sashe a rubuce a kansa, ya ce haka za a kaɗa, ba ƙari ba ragi. A wani ƙaramin ɗakin naɗa na garin Leamington Spa aka yi aikin, da na’ura mai layi takwas kacal, lokacin da manyan ƙungiyoyi ke amfani da mai 24. Ya kuma nemo John Collins, wani mai haɗa faifan reggae da kusan ba wanda ya san shi, ya damƙa masa haɗin. ’Yan ƙungiyar ba su so tsarin ba, an yi cacar baki, da ƙyar ake samun su duka a ɗaki ɗaya.

Abin da ya fito bai yi kama da komai da ke rediyo ba. Waƙar ta buɗe da kukan iska, fiyano yana hawa da wasu sautuka marasa masauki, kowanne kamar tambayar da ba a amsa ba, sarewa na bin su da wata murya mai kama da ta gabas, sannan amshi ya shigo kamar kukan aljanu. A tsakiya sai ta ɗan washe, ta tuno kwanakin da gidajen rawa ke cike, kafin duhun ya sake rufewa. An sake ta a watan Yuni na 1981. Marasa aiki a Birtaniya sun kai miliyan biyu da rabi a ƙarƙashin gwamnatin Margaret Thatcher, unguwar Brixton ta Landan ta riga ta kama da wuta a watan Afrilu, kuma a wannan watan ne aka daɓa wa wani ɗalibi ɗan asalin Indiya, Satnam Singh Gill, wuƙa har lahira da rana tsaka a tsakiyar Coventry. A watan Yuli tarzoma ta ɓarke a Toxteth ta Liverpool da Moss Side ta Manchester da wasu garuruwa da dama, “Ghost Town” kuwa tana zaune a mataki na ɗaya, mako uku cur, yayin da ƙasar ke shirin ɗaurin auren Yarima Charles. Ana yawan kiran wannan dace. Dacen lokaci ne kawai. Ganin kuwa na mutumin da ya buɗe ido ne shekara guda kafin ’yan siyasa. Da an bi son ran masu rinjaye a ɗakin naɗa, da wata waƙar rawa aka samu, mai daɗi, wadda ba wanda zai tuna da ita yau.

Waƙar na kan gaba Hall da Staple da Golding suka sanar da shi cewa sun tafi. Suka kafa Fun Boy Three.

Adalci ya wajabta a faɗi nasu ɓangaren. Ba Dammers kaɗai ke rubutu ba: Roddy Radiation ne ya rubuta “Rat Race”, Golding ya rubuta “Do Nothing” da kuma “Why?”, wadda ya yi bayan wasu masu ƙyamar baƙar fata sun yi masa dukan kawo wuƙa a Landan. Muryar Hall ba ta da madadi. Mutumin da ya ba da jininsa ga aiki yana da hakkin ya gaji da zama ɗan aike. Kuma abin da ya biyo baya ya nuna inda halin Dammers ke zama ciwo: da sabuwar ƙungiyarsa, The Special AKA, ya shafe fiye da shekara biyu yana naɗar faifai ɗaya, In the Studio, yana gyara abin da ba mai jin kuskurensa sai shi, mawaƙa na shiga suna fita, bashin Chrysalis na taruwa. Faifan bai yi kasuwa ba, bashin ya ɗaure masa hannu shekaru. Waƙoƙin da ya zaɓa ya fitar ma kamar da gangan yake korar masu saye: “The Boiler”, labarin fyaɗe daga bakin mace wanda Rhoda Dakar ta rera, gidajen rediyo suka guje ta; “War Crimes”, a kan ruwan bama-baman da Isra’ila ta yi wa Beirut a 1982; “Racist Friend”, mai kira ga mutum ya yanke hulɗa da aboki ko ɗan’uwa mai ƙyamar wani jinsi. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai jera waɗannan.

To amma daga wannan faifai da ake kira asara ne “Nelson Mandela” ta fito. A 1983 Dammers ya je wani taron kiɗa a Alexandra Palace da ke Landan, wanda aka shirya don cikar Mandela shekara 65, inda makaɗin Afirka ta Kudu Julian Bahula ya yi wasa. Shi da kansa ya amsa cewa kafin ranar bai san wane ne Mandela ba. Mai karatu a Najeriya zai yi mamakin haka, domin ƙasar ta riga ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a 1979 saboda batun kudancin Afirka, Sonny Okosun kuma ya daɗe da yin “Fire in Soweto”. A Birtaniya lamarin daban yake. Gwamnati na adawa da takunkumi, kuma har a 1987 Thatcher na siffanta ANC da ƙungiyar ta’addanci.

Dabarar da Dammers ya yi ita ce ya ƙi yin waƙar makoki. Ya yi ta da busa mai haske da amshin mata da kiɗan da ke jan ƙafa, ya ba Stan Campbell ya rera, Elvis Costello ya haɗa, ta yadda sunan fursunan gidan yarin Pollsmoor ya shiga bakin yaran da ba su taɓa riƙe takardar zanga-zanga ba. Ta fito a watan Maris na 1984, ta kai mataki na 9, gwamnatin Pretoria ta haramta ta. Bai tsaya nan ba. A 1986 shi da Dali Tambo, ɗan shugaban ANC Oliver Tambo, suka kafa ƙungiyar mawaƙa masu yaƙi da wariyar launin fata a Birtaniya, suka shirya gagarumin taro a filin Clapham Common. Wannan ya share fage ga taron filin Wembley na ranar 11 ga Yuni 1988, wanda aka watsa a ƙasashe fiye da 60. Waɗannan shekaru ya kashe su ne a ofis, yana buga waya yana lallashin taurari, maimakon gina sunansa.

Kada a wuce gona da iri. Waƙa ba ta buɗe ƙofar kurkuku ba ranar 11 ga Fabrairu 1990. Boren unguwannin baƙaƙe daga 1984, yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago, bankunan waje da suka ƙi sabunta bashi a 1985, da yaƙin Angola, su ne suka karya ƙashin bayan mulkin wariya, kuma ’yan Afirka ta Kudu ne suka biya da rayukansu. Abin da waƙar ta yi ƙarami ne amma tabbatacce: ta sa goyon bayan Pretoria ya zama abin kunya ga ɗan siyasar Birtaniya a gaban ’ya’yansa. Afirka ta Kudu ta san da haka. A 2008, a bikin cikar Mandela shekara 90 a Hyde Park, da wannan waƙa aka rufe taro, Amy Winehouse na rerawa, Dammers na kan fiyano. A 2014 ƙasar ta ba shi lambar girmamawa ta O. R. Tambo, wadda take ba ’yan ƙasashen waje.

A dawo ga 2009. Ɓangarorin biyu sun ba da labari mabambanta: su sun ce ƙofa a buɗe take, shi ya ce ture shi aka yi daga ƙungiyar da ya kafa. Wanda bai shiga ɗakin ba ba zai raba wannan gardama ba, kuma ba ita ce muhimmiya ba. Abin da ya fi tona asiri shi ne yadda jama’a suka karɓi lamarin. A shekarun 1990 wasu daga cikin ’yan ƙungiyar sun yi wasa da sunan The Specials, har suka fitar da faifai a 1996, babu Hall babu Dammers, kuma kusan kowa ya ɗauke su a matsayin inuwar abin da ya wuce. A 2009 bambanci ɗaya ne mai nauyi: Hall ya dawo. Nan take aka ce ƙungiya ta cika. Ma’aunin jama’a ke nan a fili, fuskar da ke gaban makirufo ita ce ƙungiya, wanda ya rubuta abin da bakin ke faɗa kuwa ana iya maye gurbinsa da ɗan haya. Wanda ya san yadda ake haɗa waƙar fim a ɗakunan naɗa na Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba: a tambayi masu sauraro goma sunan mai fiyanon da ya ɗora kiɗan waƙar da suka fi so, a ga nawa za su amsa.

Akwai kuma tambayar me aka dawo yi. The Specials ta asali ba ta taɓa maimaita kanta ba. Tsakanin faifan farko da “Ghost Town” shekara biyu ce kacal, amma tafiyar ta fi ta wasu ƙungiyoyi a shekara 20. A tara mutane su biya kuɗi su ji waƙar rufe masana’antu da rashin aikin matasa a matsayin abin tuna ƙuruciya, a shekarar da tattalin arzikin Birtaniya ya sake faɗawa rami, wannan mayar da gargaɗi ne kayan ado. Ba laifi ba ne makaɗi ya nemi abinci da waƙarsa, balle waɗanda suka daɗe ba su ga ribar wahalarsu ba. Laifin na masu sharhi ne da suka mayar da mutum ɗaya tilo da ya tambayi amfanin abin ya zama mugun labarin. Sai bayan shekara goma ƙungiyar ta fitar da sababbin waƙoƙi, faifan Encore na 2019, wanda ya hau mataki na ɗaya, kuma yana da waƙoƙi masu kyau da zuciya, musamman inda Golding ya ba da labarin wariyar da ya sha. Amma a lokacin mutum uku ne suka rage daga cikin bakwai: Staple da Roddy Radiation sun fice, Bradbury ya rasu a 2015. Ashe ko babu Dammers ana iya ɓatawa. Hall ya rasu a watan Disamba na 2022, zancen sulhu a dandamali ya tafi tare da shi.

Shi kuwa Dammers, tun 2006 ya kafa wata babbar ƙungiya, Spatial AKA Orchestra, makaɗa kusan 20 sanye da rufin fuska da tufafi irin na Misira ta dā, suna kaɗa waƙoƙin Sun Ra, gwanin jazz na Amurka. Ƙungiya ce mai cin kuɗi, wadda ba ta cika filin ƙwallo, kuma idan suka ɗauko “Ghost Town” sukan juya ta har sai mai sauraro ya ɗan jima kafin ya gane ta. A dandamalin The Specials kuwa, Nikolaj Torp Larsen, ƙwararren makaɗi ɗan ƙasar Denmark, shi ne ya zauna a kan fiyano, yana kaɗa sautukan nan masu hawa daidai yadda Dammers ya kafe a kaɗa su a Leamington Spa a 1981.